Shekaru Biyun da Ba Su da Takarda

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Akwai wata magana da na taɓa ji a majalisarmu ta gindin darbejiya nan Yalwawa, an kai shekara uku, ban kuwa yarda da ita ba. Wai masu ɗaukar ɗalibai a makarantar likitanci, idan mutum ya zo musu da digirinsa yana neman su sa shi aji biyu, ba makinsa suke fara dubawa ba. Shekarar shiga suke dubawa da shekarar fita. In tsakaninsu ya haura huɗu, sai a tura fayil gefe da bayan hannu. Ɗanladi direba ne ya kawo ta, shi kuwa Ɗanladi ko ce maka ya yi gari ya waye, gara ka leƙa waje ka tabbatar. Na yi dariya na ce masa, "Kai, a kara ne ake buɗe bakin saniya a ƙirga haƙora. Can masu ilimi ne, nono suke dubawa." Shekara talatin da biyar na yi ina malamin dabbobi, ina jin na san bambancin kara da jami'a.

Yau Addarsu ta dawo daga tantancewa. Kwana biyu ta yi a can, a makarantar da ba zan rubuta sunanta ba. Ba ta ce da ni komai ba, dama ba mu saba doguwar magana ba. Ta aiko ƙanwarta Na'ima da wata 'yar takarda mai layi huɗu. Digirin shekara huɗu ta yi a shida. Yajin aiki da korona ba sa cikin wannan ƙidayar, kowa ya sha su. A takardar sakamakonta akwai shekara biyu da babu komai a gabansu sai ɗan layi, kamar an ja da farce. Suna son bayani a rubuce daga mahaifi, tare da shaida, kafin Juma'a 29 ga wata.

Addarsu nake ce mata, don ƙannenta Adda suke kiranta. 'Yar fari ce. Mu a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa a gaban mutane. Mahaifina har ya bar duniya "kai wannan" yake ce mini, ban kuma rame ba.

Kwana ashirin da biyar. Akwai lokaci.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Na sayi takarda mai layi da sabon biro a shagon Mika'ilu. Sannu ba ta hana zuwa.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan Azahar

Na kira ƙanena Yahuza daga Aujara. Ya zo a babur, wandonsa duk taɓo. Shi na aika jami'ar tasu wancan karon, shekarar da Addarsu ta zauna a gida. Ni ba zan je ba. Yaya za a ga uba yana bin ofis ofis saboda 'yar fari? Don irin wannan aka yi baffa.

Na ce, "Yahuza, ranar da ka je wurin shugaban sashensu, me ya ba ka?"

"Ruwan sanyi, Yaya. Da kujera mai juyawa."

"Takarda nake nufi."

"Wace takarda kuma? Mutumin kirki ne fa. Na ce masa ana jinya a gida, ya ce Allah ya sawwaƙe, ta je ta yi jinyarta, gurbinta na nan. Har bakin babur ya rako ni."

"Ba ka ce ya rubuta ba?"

"Haba Yaya. Dattijo ya ba ka baki, ka ce masa rubuta? Kai za ka iya?"

Ba zan iya ba.

Mutumin kuwa ya cika alkawari. Ya hana a soke sunanta, da ta koma ta tarar da gurbinta, ta gama da sakamakon da saura ƙiris ya taɓa daraja ta ɗaya. Sai dai a bakinsa ya ajiye dalilin, bara waccan kuma aka kai shi makwancinsa da shi. Allah ya jiƙansa. Kabari ba ya ba da kwafi.

Yahuza ya shanye furata ya tafi.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Na shimfiɗa tabarma a zaure na zauna rubutu. Turancin wasiƙa bai taɓa gagarata ba, rahoton ciwon huhun shanu nawa na rubuta a Miga da Jahun. Adireshi ya fita tsaf, gaisuwa ta fita tsaf. Da na kai inda zan ce 'yata wance, sai biro ya tsaya.

Na'ima ta zo wucewa da bokiti, ta leƙo ta kafaɗata.

"Baba, biron ne ya ƙare?"

"Wuce abinki."

"Harafi bakwai ne fa kacal. Ko in riƙe maka hannu, irin na 'yan aji ɗaya?"

Na ce ta je ta ba awaki ruwa, tun ban tashi ba. Ta tafi tana dariya. Auta ce, ita an yarda ta hau kaina.

Sunan ma ƙaramin tudu ne. Babban yana layi na gaba, inda za a ce saboda me.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Baƙi mata sun zo. Daga zaure na ji Innarsu tana ce musu, "Ai yajin aikin nan ne ya cinye mata shekaru, Allah ya isa." Duk suka ce Allah ya isa. Ni ma na ce amin a zuciyata, don rashin kunya.

Talata, 12 ga Agusta, bayan Azahar, ana ruwa

Tun shekarar da ruwa ya ci Miga ba na son ƙarar ruwa a kan kwano.

Bari in rubuta shi sau ɗaya a nan, inda ba mai karantawa, in ga ko hannu zai saba. Kamilu, mai bi wa Addarsu, ya je taya dangi kwashe hatsi. Kwalekwale ya kife. Shekararsa ashirin. Ba a samu abin da za a yi wa sutura ba.

Bayan sadakar arba'in Innarsu ta fara rufe masa tuwo a kwano. Muka ce zafin rashi ne, zai wuce. Daga baya ta fara fita bakin titi tana tare masu babur tana tambayarsu. Daga baya kuma abin da ba zan rubuta ba. Ta daina karɓar abinci daga hannun kowa, har ni. Addarsu ta zo hutu daga aji uku, ta miƙa mata loma, ta karɓa. Shi ke nan. Ban ce mata zauna ba, ban kuma ce mata koma ba. Na dai ga akwatinta a ƙarƙashin gado, na kau da kai.

A nan zauren na tara su, Addarsu da Na'ima da Yahuza, na nuna musu dokin ƙofa na ce, "Maganar nan ba ta ƙetare wannan." Ina da 'ya'ya mata biyu, na kuma san yadda mutanenmu ke binciken gida. Maƙwabta muka ce musu hawan jini ne. Duk wata sai mu shiga motar Kano kamar masu zuwa ganin dangi, daga can mu canza ta Kazaure, asibitin da kowa ya san na mene ne. Shekara biyu cur.

Allah ya ba da sauƙi. Innarsu ta dawo garau, ga ta can tana saƙa faifai tana faɗa da kaji. Shekarun nan kuwa ba ta taɓa ambatarsu ba, mu ma ba mu taɓa ba. Na ɗauka sun goge mata, na gode wa Allah. Katin asibitin da hannuna na jefa shi a murhu.

To ga shi na rubuta. Hannun bai saba ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Majalisa. Ban san ta inda magana ke fita daga gida ba, ko ta rariya ce. Ɗanladi ya gyara zama ya ce, "Malam Zailani, an ce likitarmu ta je an buɗe mata baki."

Na ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Ni da nake ɗaukar 'yan jami'a kullum? A bayan motata ake yanke hukunci kafin a kai ofis. Na faɗa maka tun tuni. Wani yaro ɗan Kiyawa, shekara ɗaya tak ya ƙara, wallahi ko kujera ba su ba shi ba."

"Kai dai ka iya tuƙin harshe. Da haka kake riƙe sitiyari da ba ka kashe rago biyu a Shuwarin ba."

Aka yi dariya, na ci nasara. Da na dawo gida sai na tarar nasarar ba ta biyo ni ba.

Kwana goma sha huɗu. Akwai lokaci.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan La'asar

Na je wurin Dakta Abdulwahab. Garken mahaifinsa na taɓa cetowa wata shekara, yana yaro yana riƙe mini igiya. Yanzu malami ne a wata makarantar likitancin daban, ya sha zama a irin wannan kwamiti. Ya durƙusa ya gaishe ni, har yau da ladabinsa. Na ce masa wata yarinya ce ta gidan wani abokina. Ya dube ni ya ce, "To Baba, Allah ya taimaki abokin naka."

Na ce, "Gaskiya ne haƙora kuke ƙirgawa?"

Ya ce, "Baba, mutum ɗari uku ne kan gurbi goma. Duk masu kyau ne. In ka zauna gaban tulin fayil irin wannan, ba dalilin ɗauka kake nema ba, dalilin ajiyewa kake nema, don ka samu ka tashi ka yi salla."

"Ko da makinta ya fi na kowa?"

"Karatun nan namu ba ya jiran mutum. Jarrabawa ɗaya in ka faɗi sau biyu, waje. To in muka ga ɗalibi ya ɓace shekara biyu, sai mu ce wa ya sani ko zai sake ɓacewa? Ko faɗuwa ya yi aka rufa masa asiri? Ko wani abu ne da ya fi haka? Daɗewar ba ita ce laifin ba. Na taɓa sa hannu wa wanda ya yi shekara bakwai, hatsari ya yi, ya zo da takardarsa. Amma gurbin da babu komai a ciki, kowa da abin da yake zubawa, kuma ba alheri ake zubawa ba."

Na ce, "In jinya ta yi fa? Jinyar uwa."

Ya ajiye biron hannunsa. "Wadda ta yi jinya shekara biyu ta dawo ta ci jarrabawa haka? Ni da hannu biyu zan karɓe ta. Amma a kawo rahoton asibitin da aka yi jinyar. Baki ba ya shiga fayil."

"Katin ya ɓata."

"Fayil ɗinta na can. Sai dai ba za su ba abokin naka ba. Sai mai ciwon ta je da kanta ta ce ta yarda. Baba, ka ce masa kada ya yi sanyi."

Ya rako ni har titi. Mutanen kirki duk haka suke, su raka ka har titi.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Yahuza ya dawo da dabara. Wai ya san wani mai shagon magani da zai samo takarda da hatimi, a ce Addarsu ce ta yi doguwar taifot, ko ciwon ƙafa. Ba a taɓa Innarsu ba, ba a taɓa Kazaure ba. In faɗi gaskiya, raina ya kwanta da ita kamar an zuba ruwa a ƙasa mai ƙishi.

Muka kira ta zaure. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, fuskarta wajen baffanta, don ni da ita ba ma haɗa ido.

Ya gama bayani. Ta ce, "Baffa, taifot ɗin shekara biyu?"

"To a ce ƙafa."

"Likitoci ne fa a zaune a wurin. In suka ce in nuna ƙafar?"

"Ke dai kin cika gardama. Sai ki ɗan ɗingisa."

Na'ima ta fashe da dariya daga tsakar gida. Addarsu ba ta yi ba. Ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Ba zan shiga likitanci ta ƙofar ciwon ƙarya ba." Ta tashi ta shige.

Yahuza ya ce, "Yaya, wannan taurin kai naka ne." A gabansa na ɓata rai. Ban yabe ta ba. Ba a yabon 'yar fari.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan Asuba

Yau zan faɗa wa Innarsu.

Alhamis, bayan La'asar

Tana wankin kai. Ba a faɗa wa mutum irin wannan magana da jiƙaƙƙen kai. Gobe.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma

Juma'a ce, ranar farin ciki. Saura bakwai.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan Azahar

Na same ta a inuwar ɗaki tana saƙa. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna. Na yi gyaran murya.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Dama cewa zan yi... jar akuyar nan kamar tana tari."

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Kai ne malamin dabbobi." Ta ci gaba da saƙarta.

Kakata tana da labarin wani makiyayi da ba ya kora. Kowa ya ruga da shanunsa rijiya, shi yana baya yana barin nasa su ci ciyawar hanya. Kullum shi ne na ƙarshe, kuma shanunsa sun fi na kowa ƙiba. Da wannan labari aka raine ni, da shi na yi aiki, da shi na raini 'ya'ya. Yau na zauna ina tunani, tsohuwar ba ta taɓa faɗa mana abin da ya faru ranar da ya isa ya tarar an janye guga ba.

Abin da nake tsoro shi ne in buɗe bakina ta koma bakin titi tana tare masu babur. Wannan ne. Sauran duk ado ne.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Addarsu ta aiko Na'ima. "Wai in ji Adda, a bar maganar wasiƙar nan, Allah bai yi ba."

Na ji sanyi a raina. Na rubuta ne don in tuna cewa sanyi na ji.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan La'asar

Ina zaure da takardata mai layi, wadda har ta fara kama dattin hannu, sai Innarsu ta yi sallama. Ba ta cika zuwa zaure ba. Ta zauna, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye wani abu a kan tabarma. 'Yar takardar karɓar magani ce, ta yi laushi don tsufa, da lambar fayil a samanta.

"Ka ƙona kati, ka manta da wannan. A cikin faifaina take tun lokacin."

Na ɗauka, na juya ta a hannuna.

"Malam, mako uku kana zagaya ni kamar kaza ta ga wuƙa. Akuya tana tari! Kana tsammani ban sani ba?"

Na ce, "Na ɗauka kin manta."

"Wasu na manta, alhamdu lillahi. Amma mutum ya manta hannun da ya ba shi abinci shekara biyu? Na san yatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai tabon wuƙa a na tsakiya."

"To me ya sa kike cewa yajin aiki?"

"Kai ka ce ba a faɗa. Na ga kuna ɓoye mini, na ce to bari in taya ku. Ni ina rufa muku, ku kuna rufa mini, yarinya tana tsakiya." Ta share ido da gefen mayafi. "Na'ima ce ta faɗa mini jiya, da na matsa mata. Gobe ka kai ni Kazaure. Kuma ba ta Kano ba. Ka kira Ɗanladi."

"Ɗanladi? Gari zai ji kafin mu kai Shuwarin."

"Ya ji. Ni ce na yi ciwon, ba kai ba."

Da na faɗa mata ran biyar ga wata, da haka za ta ce ran biyar ga wata.

Alhamis, 28 ga Agusta, gab da Magariba

Mun je mun dawo. Ɗanladi bai ce uffan ba duk hanya, ko rediyo bai kunna ba. A bakin asibitin ya buɗe mata ƙofa ya ce, "Hajiya, a sauka lafiya." Na yi shekara biyar ina tsoron bakin mutumin nan.

Sun karɓe mu da mutunci. Wata ma'aikaciya ta gane ta, ta ce, "Ina 'yarki mai littafi? Wadda ke karatu a kan benci tana riƙe da hannunki?" Innarsu ta sa hannu a takarda da kanta. Amma sai an ciro tsohon fayil, likita ya duba ya rubuta, babba ya sa hannu. Talata. Na roƙa, ni da ban taɓa roƙo saboda ita ba. Suka ce, "Baba, da makon jiya ka zo, ai da tuni." Ba su yi mini laifi ba. Na nemi laifinsu duk hanyar dawowa ban samu ba.

Na rubuta wasiƙar yanzu, a zama ɗaya, shafi biyu. Na faɗi Miga, na faɗi Kazaure. Gurbin sunan na bari, Na'ima ta cike da nata rubutun. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, da yamma

Addarsu ta tafi da motar farko, ta kai wasiƙar. Sakataren ya ce bayani ba shaida rabin abu ne, amma ta ajiye. Kwamiti Litinin zai zauna.

Talata, 2 ga Satumba, bayan Azahar

Rahoto ya fito. Shafi ɗaya, hatimi biyu. Kyakkyawa.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma

Yahuza ya kai rahoton. Ya ce an buga masa hatimin karɓa, ya kuma tsaya sai da aka ba shi kwafi. "Yaya, wannan karon na ce a rubuta." Ya miƙo mini da alfahari. An rufe rijiya, mun zo da sabon guga.

Lahadi, 7 ga Satumba, da hantsi

Gero ya fitar da kai. Ba labari.

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya

Sunaye sun fito a waya. Goma. Na'ima ta karanta mini sau biyu, na ce ta sake.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan La'asar

Jar akuyar da na yi wa ƙarya ta fara tari da gaske. Na ɗauko magani, na kira Na'ima ta riƙe mini ita. Addarsu ce ta fito. Ta durƙusa ta kama ƙahon, ni na kama haɓa. Tun tana 'yar shekara bakwai take riƙe mini dabba, a nan ta fara cewa ita mutane za ta yi wa. Duk mu biyu akuyar muke kallo.

Na ce wa akuyar, "Akwai baɗi."

Ta ce, "Baɗi an ƙara shekara, Baba." Ta gyara riƙo. "Wata sakandare a Takur na neman malamar kimiyya. Zan je Litinin."

Na ɗura maganin. Akuya ta yi atishawa. Addarsu ba ta sake ta ba.

"Ranar tantancewa su biyar ne a ɗakin. Na tsakiyar ya buɗe fayil, ya ɗora yatsa a shekarar shiga, ya ja shi zuwa shekarar fita. Makin yana shafi na biyu. Har na fito ba a juya shafin ba. Maganar Baba Ɗanladi gaskiya ce."

Na ji wani abu kamar daɗi, Allah ya yafe mini, don na samu wanda zan ɗora wa. Na ce, "Azzalumai. 'Yan kara sun fi su, su ko ba komai suna taɓa hantsa."

Ta ce, "Amma sun tambaye ni, Baba."

Na rufe kwalbar maganin.

"Wata mace a gefe ta ce, me kika yi a shekaru biyun nan? Na ce ina gida. Ta ce kina gida kina me? Na ce ina gida. Ta cire gilashinta ta ce, 'yata, ki taimake ni in taimake ki, faɗi ko kalma ɗaya ce. Sau uku ta tambaya. Ita ce ta sa aka ba ni takardar nan ta kwana ashirin da biyar."

"To me ya hana ki faɗa?"

Sai ta ɗago ta dube ni. Rabon da mu haɗa ido har na manta. Idon Kamilu ne da ita, ban taɓa lura ba.

"Kai ka nuna mana dokin ƙofa. Ba ka taɓa cewa an ɗage ba."

Ta saki akuyar, ta wanke hannu a buta, ta shiga ciki. Na ji tana tambayar Innarsu ko a ɗora wake.

Na daɗe a tsugune, har sai da gwiwa ta tuna mini da shekaruna.

Sannu ba ta hana zuwa, haka nake ta faɗa tun farkon littafin nan. Rabin karin maganar na riƙe, na bar sauran, sai dai a daɗe ba a je ba. Su can sun ƙirga shekara biyu suka ture fayil, Allah ya gani. Ni kwana ashirin da biyar aka ba ni, na cinye ashirin da uku ina gyaran murya.

Maganar nan Ɗanladi ne ya fara faɗa mini, na ce direba ne. Ya sake faɗa, na mai da shi abin dariya. Abdulwahab ya faɗa mini da ladabi, na ce ta abokina ce. Wadda ta faɗa mini ta ƙarshe tana cikin ɗakin aka yi, tana da tabon wuƙa a yatsanta na tsakiya, shekararta ashirin da takwas ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.

Ikilima ce ta faɗa mini. 'Yata Ikilima.